Famfon da Na Ɓoye Ƙarƙashin Motar Baba

Ranar sunan ɗan Falmata ina zaune a zaure ana rabon goro, sai na ji wata tsohuwa daga cikin gida tana tambayar ƴar wa ce mai jego. Aka ce mata ƴar Bukar Kuran ce, mata suka kwashe da dariya. Falmata ma ta yi, don a ganinta sunan tsokana ne irin wanda kowane direba ke da shi a tasha. Ni ban yi ba. Shekara arba'in ke nan ina amsa sunan nan, kuma har yau ban saba da shi ba. Yanzu Inna ta rasu, Yaya Mamman ya rasu, Kawu Ari ya riga su duka, babu sauran wanda zan kunyata sai kaina. Saboda haka ku ƴaƴana ku zauna ku karanta, don abin da aka gaya muku rabin magana ne.

Abin da ake faɗa a Birni, unguwarmu a Damagaram, shi ne wai ubanku, don iyayi da son a ce ya iya, ya yi watsi da lafiyayyen famfon mai na motar mahaifinsa, ya sa wani abin wasa mai aiki da lantarki, wato kuran in ji mutanenmu, har motar ta mutu a daji da irin shukar ƙauye guda a bayanta. Motar ta mutu, wannan gaskiya ne. Ƙauyen ya rasa daminarsa, shi ma gaskiya ne. Amma duk wanda ya ce famfon nan lafiyayye ne ƙarya yake yi, ko da da rawani ya faɗa.

Motar ita ce kaɗai abin da Baba ya bar mana ban da gida. Bashe ce, irin mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tamfol, mai shan gazuwal, wato dizal. Yaya Mamman ya girme ni da shekara goma sha biyu, shi ne maigida, shi ake gaisarwa a tasha, ni kuwa ni ke tuƙi, ni ke kwanciya a ƙarƙashinta in ta lalace. Dinamon da ke cika batir ya daɗe da ƙonewa, amma ba wanda ya damu, domin injin gazuwal na zamanin nan in ya tashi ba ruwansa da wuta, zai yi ta gurnani har sai ka ja wayar kashewa. Fitila ba ma bukata, da rana muke tafiya. Daga nan al'adar tasharmu ta samo asali. Batir ya yi wuya, sai ya zama guda ɗaya ke tada mota uku ko huɗu. Ka tada taka, tana cikin aiki a kwance batirin a kai wa na kusa, kai kuwa ka kama hanya haka nan, in ka isa ka bar ta a gangare don a tura gobe. Ba a neman izini, ba a godiya. Hana aron batir a tasharmu ya fi hana ruwan sha muni, kuma Yaya Mamman yana alfahari da cewa hannunsa bai taɓa rufewa a kan wannan ba.

Shekarar ita ce ta biyu da ruwa ya ƙi. Shanu sun mutu har fata ta rasa mai saye, mutanen arewa suna wucewa ta bayan gari da ƙafa, da tabarmi a ka, suna yin kudu. Inna ƴar wani ƙauye ce bayan Hamdara, inda ƙanenta Kawu Ari yake mai gari. Kawu ya san mutanensa, ya san kuma yunwa: duk irin da ya kwana a rumbun ƙauye sai an daka shi kafin damina. Sai ya bi dangi da abokan Baba ta wajen garin Dogo, tiya ɗaya nan, biyu can, har ya tara buhu goma sha biyu na gero mai saurin nuna. Ya kawo su Birni ya jibge a ɗakin Inna, ta shimfiɗa tabarmarta a kansu. Wata huɗu tana kwana bisa gero, mu muna cin jar dawar taimako da tafasa. Uwarku tana goyon Falmata lokacin, nono ya ɗauke, ta je ta durƙusa ta roƙi tiya guda ta yi kunu.

"Hadiza, tashi," Inna ta ce. "Wannan ba abinci ba ne, rayukan mutane ne aka ba ni ajiya. In na ba ki yau, gobe wa zan hana?"

Uwarku ta fito tana share ido, ni na ji haushi, amma na san Inna ce da gaskiya. Tsarin da Kawu ya yi shi ne, ranar da ruwan shuka ya sauka, maza su fita da sungumi tun asuba su yi ta sara ramuka, kafin azahar mota ta iso da iri, mata da yara su bi suna zubawa suna rufewa da ƙafa. Da haka za a gama shuka a yini guda tun ƙasa na da laima. Kawu ma ya dawo gidanmu ya tare yana jiran hadari, don ya raka irinsa da kansa. Komai ya rataya a kan motar nan, motar kuwa ciwo ne da ita.

Famfon da ke jawo mai daga tanki zuwa inji wani ɗan abu ne da injin ke kaɗawa, a cikinsa akwai wata ƴar roba mai numfashi. Robar nan ta tsage. Na yanka tsohon tif ɗin taya na sa, ya yi mako guda ya narke. Na je wajen dukawa aka yanka mini fata, ta yi kwana goma ta saki. Na sake, na kuma sakewa. An rufe iyaka, kayan mota ba sa shigowa daga Kano, na zagaye kowane garaji a Damagaram ban samu ba. Mafi muni, gazuwal ya fara tsiyaya ta tsagar yana shiga cikin man inji. Na kira Yaya, na zaro sandar awon mai na kai masa hanci.

"Yaya, shinshina ka ji. Gazuwal ne. In muka ci gaba a haka, injin gaba ɗaya za mu rasa."

Ya shinshina, ya murza a yatsa, ya goge a gefen taya. Ya gani da idonsa, Allah ne shaidata.

"To me kake so a yi?"

"Akwai wani Bakano a kasuwa, Malam Sani, iyaka ta rufe da shi a nan. Yana da famfo mai aiki da batir. In sa shi mu huta."

"Kai Bukar, kanka ɗaya? Motar da Baba ya tuƙa shekara goma sha biyar bai canza mata ƙusa ba, kai ne za ka rataya mata kayan bature? Muddin ina numfashi ba za a taɓa ta ba. Ka ƙara fata."

Ƙara fata! Kamar takalmi muke gyarawa. A gidanmu ba a mayar wa babba magana, sai na ce to. Amma na kwana uku ina kallon buhunan nan ta ƙofar ɗakin Inna, ina kallon sama tana haɗa gizagizai, na ga cewa wannan "to" ɗin za ta kashe mutane. Na kwance agogon aurena na kai wa Malam Sani, ya miƙo mini famfon, ɗan gwangwani bai kai kwalbar turare biyu ba.

"Abu ɗaya, ɗan'uwa," ya ce. "Wannan ba irin naku ba ne. Shi da batir kamar jariri da nono ne. Kada ka raba su."

Ranar Juma'a, Yaya ya tafi masallaci da wuri, na shige ƙarƙashin mota. Na ɗaure famfon a jikin ƙarfe kusa da tanki inda ido ba ya kaiwa, na zagaye tsohon da sabon tiyo, na ja waya zuwa akwatin batir da ke bayan mazaunin direba. Tsohon famfon na bar shi a wurinsa, na goge shi har yana ƙyalli, don in Yaya ya ɗaga murfin inji ya ga abin Baba yana nan. Na murɗa makulli, na ji ɗan abin yana tik, tik, tik, injin ya tashi da wata murya da na manta yana da ita. Kwana tara motar nan tana gudu kamar sabuwa. Yaya har ya dafa kafaɗata a gaban mutane.

"Ba na gaya maka ba? Fata ce maganinta."

Na yi murmushi na sunkuyar da kai. Kullum da yamma ina kai batirin a cika shi a wani garaji, ina kuma ƙirƙiro dalilin da zai sa in fita tasha kafin a zo aro. Na ce a raina bayan shuka zan gaya masa, in ya yi faɗan ya gama.

Muka wayi gari ran Lahadi ƙasa jiƙe sharkaf, ruwa kwance a lungunan Birni, ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina. Tsofaffi suna kuka a ƙofar gida. Kawu Ari ya tona da hannu har gwiwar hannu bai kai ga busasshiya ba, ya ɗago ya ce a fito da iri. Lungunmu mota ba ta shiga, don haka tana can bakin tasha, muka yi ta jidar buhu a ka. Na cika tanki har baki, na tada ta, na bar ta tana aiki kamar yadda aka saba, na koma ɗauko buhun ƙarshe da neman addu'ar Inna. A ɗan tsakanin nan wani maƙwabcinmu mai fataucin fata ya zo, motarsa ta ƙi tashi. Yaya ya buɗe akwati, ya kwance batir, ya miƙa masa, ya mayar da murfi. Fata! Busasshiyar fatar matattun shanu, wadda ko shekara ta yi a ajiye ba abin da zai same ta. Bai gaya mini ba, don ba abin faɗa ba ne a wajensu. Ni kuma da na dawo na ji inji yana aiki, ban duba ba.

Tanki cike yake, hanya shimfiɗe, sai injin ya yi ta tsotsar man da kansa da ƙyar, ni ban sani ba. Mun wuce Mirriya muka bar babbar hanya muka shiga rairayi, inda mota ke bukatar dukan ƙarfinta. A gindin wani tudu ta yi tari sau biyu, ta ja, ta yi shiru. Na shiga ƙarƙashi na ɗora hannu a kan famfon, ba motsi. Na fito na buɗe akwatin batir, na tarar da wayoyi biyu suna reto. Na zauna a ƙasa.

"Lafiya, ɗan nan?" Kawu ya tambaya.

"Kawu, an cire batir."

"To sai me? Sau nawa na shiga motar nan ba batir?"

Dole na nuna masa abin da na ɓoye. Ya durƙusa ya leƙa, ya daɗe yana kallon ɗan gwangwanin, sannan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa.

"Mamman ya san da wannan?"

"Bai sani ba."

Samun mai ba shi ne matsala ba, ina iya ɗora jarkar mai a kan rufi in saukar da tiyo. Amma wa zai tada ta? Ba batir, ba gangare, ƙafafu huɗu sun nutse a rairayi, buhu goma sha biyu a baya, daga ni sai tsoho. Jakin da za a nema duk sun mutu. Kawu ba zai iya barin buhunan ba, don masu yunwa na bin hanyar. Ya hau kansu ya zauna da sandarsa, ni na juya da gudu. Na isa Mirriya rana tsaka, mota ɗaya na samu, ita ma batirinta yana Damagaram wajen aro. Na shiga gida bayan la'asar ƙafafuna sun fashe, na tarar mai fata ya yi kudu da batirinmu bai ko cire shi ba. Kafin in sami wani, a cika shi, in sami mai kai ni, in sauke buhuna, in haƙo taya, in sake lodi, Litinin ta wuce. Kawu ya aika da wani mai wucewa, maza shida suka zo suka ɗauki buhu uku a ka, iya ƙarfin da yunwa ta bar musu ke nan.

Safiyar Talata muka shiga ƙauyen. Abin da na gani ba zai bar idona ba har kabari. Gonaki daga nan har inda ido ya tsaya, layi bayan layi, ramuka buɗe. Sun yi yadda aka ce musu, sun sare tun asubar Lahadi, suka zauna bakin gona suna kallon hanya. Rana ta kwana biyu tana shiga ramukan nan da iska mai zafi. Da ba su sara ba, da ƙasa ta riƙe laimarta. Amincewar da suka yi da mu ita ta busar da gonakinsu. Aka shuka duk da haka, don ba wanda ya iya cewa a fasa. Laimar da ta rage ta isa ta tsirar da gero, ba ta isa ta rayar da shi ba. Ya fito kore siriri, ya yi kwana biyar, ya ƙone. Ruwa na biyu ya zo bayan kusan mako uku, ya tarar babu ƙwaya ɗaya ta iri a garin. Masu buhu ukun nan ne kaɗai suka ga zangarniya. Kafin sanyi ya shiga fiye da rabin gidajen an toshe ƙofarsu da ƙaya, har da na ƴaƴan Kawu biyu, waɗanda suka yi Kano ba su sake dawowa ba.

Da labari ya iso tasha aka taru a kan Yaya ana tambaya. Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji.

"Famfon Baba lafiyarsa lau. Ku ɗaga murfi ku gani, yana nan yana ƙyalli. Yaron nan ne da rawar kai."

Suka ɗaga, suka gani, yana ƙyalli kuwa, ni na goge shi. Na nufi gida don in ɗauko tsagaggun fatun nan huɗu da na adana in watsa su gaban jama'a. Inna ta tare ni a tsakar gida, ta riga ta ji komai.

"Ina za ka da su?"

"Inna, ya san famfon ya mutu. Ya shinshina da hancinsa."

"Na sani. Kawo nan." Ta karɓe ta jefa a murhu. "Kai ƙarami ne, in an zage ka ruwa ne a bayan agwagwa. Shi in ka ƙaryata shi a tasha, gidan nan ba shi da sauran kai. Ban yafe ba in ka buɗe baki."

Ba ruwa ba ne a bayan kowa, Inna, Allah ya jiƙanki. Shekara uku ba wanda ya ba ni motarsa in gyara. Kawu Ari bai sake cin abinci a kwano ɗaya da ni ba har ya koma ga Allah. In na shiga tasha sai wani ya yi tik, tik, tik da harshe, a fashe da dariya. Waɗanda suka fi kowa dariyar su ne suka zo daga baya a ɓoye suna tambayar inda ake samun irin famfon, da nasu robobin suka tsage. Kuma ku sani, famfon nan ba a cire shi ba. Yaya ya karɓe tuƙi daga hannuna, ya yi shekara goma sha ɗaya yana yawo da shi a ƙarƙashinsa. Ya sa kwaɗo a akwatin batir, ya zama mutum na farko a tasharmu da ya hana aro, aka yi ta ce masa marowaci, bai taɓa gaya wa kowa dalili ba.

Na riƙe maganar Inna har bayan ranta. Amma da Yaya ya kwanta ciwon ajali, wata ranar hantsi na shiga na tarar da shi shi kaɗai, idonsa ya riga ya dushe. Na zauna bakin gado, na ji in ban tambaya yau ba, ba zan ƙara samun dama ba.

"Yaya, ka san famfon nan ya mutu. Me ya hana ka faɗa?"

Sai ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Kunya, Bukar. Allah ya yafe mini." Ya numfasa. "Kai fa? Na wuce ka a ƙofar gida da safen Lahadin nan, kana ɗauke da buhu, har ka gaishe ni. Me ya hana ka ce, Yaya, kada a taɓa batir?"

Shekara da shekaru ina tara amsoshi ga kowa a garin nan, amma ban tanadi ko ɗaya ga wannan ba. Tsoron faɗansa ne ya hana ni, faɗan da bai wuce na rabin yini ba.

Har yau ina jin haushin tasha, ina jin haushin ƙaryar da aka yi a kaina, kuma ba zan fasa cewa ba don famfon nan ba da motar ko ƙofar gari ba za ta fita ba. Wannan ku riƙe shi, ku faɗa wa duk wanda ya yi muku dariya. Amma in hanya ta kai ku bayan Hamdara, kuka ga kufan gidajen nan, kada ku ce ubanku ba shi da hannu. Na gaishe da yayana da safen ranar, na tambaye shi kwanan iyali, na wuce da buhuna.